Mahaifina yana kwance bayan bugun zuciya, Baffa ya ce a ƙi maganin tsinka jini

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan shekara 63 ne, ya daɗe yana fama da hawan jini da ciwon suga. Kwana biyar ke nan da aka kwantar da shi a asibiti bayan ya samu bugun zuciya, kuma ni ce nake kwana da shi. Likita ya ce hoton zuciya ya nuna wani sashe nata ba ya motsi sosai, har an ga gudan jini a ciki, don haka za a ƙara masa maganin tsinka jini domin kada ya samu shanyewar ɓarin jiki. Baffana, wanda shi ne babba a gidanmu, ya ce yana da aboki da aka yi wa allurar tsinka jini sai jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, saboda haka a ƙi maganin, a mayar da Baba gida a ci gaba da na gargajiya tunda ya fara samun sauƙi. Ga kuɗi sun fara ƙarewa. Ba na iya barci saboda tsoro. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Amsata a taƙaice ita ce kada ku fitar da shi kafin likitocinsa su sallame shi, kuma kada ku ƙi maganin da aka ce za a ƙara masa ba tare da kun zauna da likitan ya yi muku cikakken bayani ba. Duk da haka ba zan ce maganar Baffa ba ta da tushe ba, domin irin abin da ya samu abokinsa yana faruwa, kuma idan kina son ya saurare ki, sai kin fara gane inda ya yi gaskiya da inda ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba.

Mu fara da girman haɗarin, tunda shi ne ya hana ki barci. Wani nazari da aka wallafa a 2006, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya nuna cewa a cikin mutum 1,000 da aka kwantar saboda bugun zuciya, kimanin 11 ne suke samun shanyewar ɓarin jiki irin ta toshewar jijiya kafin a sallame su, adadin kuma yakan kai kimanin 21 idan shekara ta zagayo. Wannan yana nufin mafi yawan masu irin lalurar Baba suna fita daga asibiti ba tare da hannu ko ƙafa ta shanye ba. Sai dai haɗarin ba ya rabuwa daidai wa daida a tsakanin marasa lafiya, ya fi taruwa a kan masu shekaru, da masu hawan jini ko suga, da wanda ya taɓa samun shanyewar a baya, da wanda zuciyarsa ta yi rauni sosai. Baba yana da fiye da ɗaya daga cikin waɗannan, ga kuma gudan jinin da aka gani da ido a hoto, don haka likitan bai yi kuskure ba da ya ɗauke shi a matsayin wanda yake buƙatar ƙarin kariya. Lokacin da ya fi haɗari shi ne kwanakin farko da kuke ciki yanzu, amma wani bincike da aka yi a Amurka a kan tsofaffi, wanda aka wallafa a 2018, ya gano cewa haɗarin yana ci gaba da kasancewa sama da na sauran mutane har zuwa makonni 12 bayan bugun zuciyar.

Dalilin da ya sa ciwon da ya kama zuciya yake iya ƙarewa a ƙwaƙwalwa shi ne abin da ya kamata ki riƙe da kyau, domin da shi za ki yi wa 'yan'uwa bayani. Bugun zuciya yana faruwa ne idan ɗaya daga cikin jijiyoyin da suke shayar da tsokar zuciyar kanta ta toshe, sai yankin da take kai wa jini ya mutu ko ya sume. Idan abin ya shafi bangon gaba na babban ɗakin hagu, wato wanda yake tura jini zuwa ga dukkan jiki, tsinin zuciyar yakan daina matsewa yadda ya saba. Jinin da ya shiga wannan lungu ba ya samun abin da zai juya shi, kuma kamar kunun da aka sauke aka bari ba a motsa shi ba, sai ya fara daskarewa yana mannewa a bangon da ya ji rauni. Wannan yakan faru ne galibi a cikin makonni biyu na farko. Muddin gudan yana manne a wurinsa, mara lafiya ba ya jin komai, zai iya zama ya ci abinci ya yi hira har 'yan dubiya su ce ya warke. Amma idan wani ɓangare ya ɓalle, zai bi babbar jijiyar da take fita daga zuciya, kuma jijiyoyin da suke hawa wuya zuwa ƙwaƙwalwa suna cikin rassan farko da suke fita daga gare ta, shi ya sa cikin 'yan daƙiƙoƙi ɓarɓashin zai iya toshe wata jijiya a kai. Sauƙin da Baffa yake gani a jikin Baba sauƙi ne na gaske, amma bai faɗi komai a kan wannan gudan ba. Maganin tsinka jini yana hana shi ƙaruwa ne, ya ba jiki dama ya narkar da shi a hankali, kuma yawanci ana shan sa kimanin watanni uku, sannan a sake hoton zuciya a ga ko ya tafi.

Akwai wasu hanyoyin da suke sa zaman asibiti ya zama dole. Bayan bugun zuciya, ɗakunan sama na zuciya sukan rikice su riƙa karkarwa maimakon bugawa bisa ƙa'ida, wannan ma yana sa jini ya daskare, kuma sau da yawa na'urar da aka maƙala a ƙirji ko gwajin ECG, wanda yake zana yadda zuciya take bugawa, ne kawai yake gano shi. Haka kuma idan zuciya ta gaza har ƙarfin jini ya faɗi ƙasa sosai, ƙwaƙwalwa takan rasa isasshen jini ko da babu gudan da ya tafi can. Sannan kitsen da ya toshe jijiyar zuciya ba a zuciya kaɗai yake taruwa ba, sau da yawa yana nan a jijiyoyin wuya da na kai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya lura da shi a ɗaki a gida.

Yanzu ga maganar Baffa. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: wadda jijiya ta toshe, da wadda jijiya ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Duk maganin tsinka jini da yake rage ta farko yana ɗan ƙara haɗarin ta biyu, kuma babu likitan kirki da zai musanta wannan. Amma allurar da aka fi sani da wannan haɗari, wadda bisa dukkan alamu ita aka yi wa abokinsa, ita ce mai ƙarfin nan da ake yi a sa'o'in farko na bugun zuciya domin ta fasa gudan da ya toshe jijiya nan take. A babban gwajin GUSTO na 1993, wanda ya ƙunshi marasa lafiya sama da 41,000, waɗanda jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsu bayan irin wannan allura ba su kai mutum 1 cikin 100 ba, kuma an ci gaba da amfani da ita ne saboda rayukan da take ceta sun fi waɗanda take cutarwa yawa. Baba ya wuce lokacin wannan allurar. Abin da ake son ba shi yanzu wani magani ne daban, wanda ake auna shi, ake bibiyarsa, ake kuma iya rage shi ko dakatar da shi. Tun a gwajin ISIS-2 na 1988, wanda aka yi a kan mutum sama da 17,000, aka tabbatar cewa asfirin kaɗai, idan aka ba mai bugun zuciya, yana rage mutuwa kuma yana rage shanyewar ɓarin jiki, bai ƙara ta ba. A ra'ayina, ga mutumin da aka riga aka ga gudan jini a zuciyarsa, ƙin shan magani ba kauce wa haɗari ba ne, zaɓen haɗarin da ya fi girma ne.

Inda za ki taimaki likita shi ne ki gaya masa duk abin da zai iya sa Baba ya zubar da jini. Idan ya taɓa yin gyambon ciki, ko ya taɓa yin baƙin bahaya, ko ya taɓa faɗuwa ya bugi kai kwanan nan, ko yana da ciwon ƙoda, ko yana shan wani jiƙo ko garin magani a gida, ki faɗa ba tare da ɓoyewa ba. Da waɗannan bayanai ne ake yanke shawarar wane magani za a haɗa da wane, domin idan aka ƙara maganin tsinka jini a kan asfirin da ɗan'uwansa da ake ba masu bugun zuciya, likitoci sukan cire ɗaya daga ciki bayan ɗan lokaci saboda kada su yi yawa.

Game da Baffa kuwa, ban ba ki shawarar ki yi jayayya da shi a gaban gadon mara lafiya ba, domin ko kin fi shi hujja ba zai so a ce 'yar cikinsa ta ƙure shi a gaban jama'a ba. Ki roƙe shi cikin ladabi ya zo da safe lokacin da manyan likitoci suke zagayen ɗaki, ki sanar da likitan tun kafin nan cewa babban wan Baba yana da damuwa, domin ya ba shi lokaci ya faɗi labarin abokinsa ya kuma ji amsa daga bakin masu aikin. Idan zai yiwu a nuna masa hoton zuciyar, to a nuna masa, domin mutane da yawa sukan sauko idan suka ga abin da idonsu. Ki sa mahaifiyarku ko babban yayanku su tsaya tare da ke. Kada kuma a manta cewa Baba yana cikin hayyacinsa, jikinsa ne, kuma shi ne ya fi kowa haƙƙin a yi masa bayani ya faɗi abin da yake so. Maganar kuɗi ma a faɗe ta a fili. Wafarin, wato tsohon maganin tsinka jini, yana da araha amma yana buƙatar gwajin jini na INR, mai auna yadda jinin ya tsinke, a kai a kai, sababbin magungunan kuma ba sa buƙatar wannan gwajin amma sun fi tsada, don haka gara likita ya san ƙarfin aljihunku tun yanzu ya zaɓi wanda za ku iya ɗorewa a kai, da a rubuta wanda za ku saya sau ɗaya ku bari. Ki tambayi ma'aikatan jinya ko akwai sashen walwalar marasa lafiya a asibitin.

Tunda ke ce kike kwana da shi, akwai aikin da babu wanda zai yi shi kamar ke. Abin mamaki ne amma gaskiya ne cewa shanyewar da ta samu mutum yana kwance a asibiti sau da yawa ana makara wajen gane ta, saboda ana ɗaukar shirunsa a matsayin gajiya ko barcin magani, kuma ma'aikaciyar jinya ɗaya tana iya kasancewa da gadaje masu yawa a hannunta cikin dare. Ke kuwa kin san muryarsa da yadda yake murmushi. Idan kin miƙa masa kofi da asuba kika ga ya kasa riƙewa da hannun da ya saba, ko ruwa yana zuba ta gefe ɗaya na bakinsa, ko ya amsa gaisuwarki da magana mai nauyi kamar harshensa ya kumbura, ko yana kallonki yana neman sunanki ya kasa furtawa, kada ki ce bari gari ya waye. Ki ce ya yi murmushi ki duba ko gefe ɗaya na fuskar ya karkace. Ki ce ya ɗaga hannaye biyu gaba ya riƙe su, ki duba ko ɗaya yana sauka da kansa. Ki ce ya maimaita wata jimla da ya saba da ita. Rashin gani kwatsam, da jiri mai hana tsayuwa, da ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya tare da amai ko barcin da ba a iya tashinsa daga ciki, duk suna cikin alamomin, kuma na ƙarshen nan ya fi nuna zubar jini. Da zarar kin ga ɗaya, ki duba agogon wayarki, ki je wurin ma'aikatan jinya ki ce a fili kina zargin shanyewar ɓarin jiki ce, a kira likita yanzu, ki kuma faɗa musu ƙarfe nawa ne kika gan shi lafiya lau na ƙarshe. Wannan lokacin shi ne abin da likita zai fara tambaya.

A wannan hali kada ki ba shi komai ta baki, ko ruwa, ko kunu, ko rubutun sha, ko ƙarin ƙwayar magani, domin shanyewa tana iya taɓa maƙogwaro, abin da aka ba shi ya bi hanyar numfashi ya haifar da ciwon huhu. Addu'a da tofi ba sa hana komai, a yi su ana jiran likita. Za a fara auna sugansa, domin faɗuwar suga a jikin mai shan maganin suga tana iya kwaikwayon shanyewa sak, sannan a yi hoton kai na CT, wanda shi ne yake bambance toshewa da zubar jini, kuma maganin ɗaya kishiyar na ɗayan ne. Allurar fasa gudan jini a ƙwaƙwalwa yawanci tana da iyakar sa'o'i huɗu da rabi daga fara alamomin, kuma ba lallai ne ta dace da wanda bai daɗe da bugun zuciya ba ko wanda yake kan maganin tsinka jini, amma ko da ba a yi ta ba, saurin ganewa yana ba da damar a dakatar da maganin da ya kamata a dakatar, a daidaita ƙarfin jini, a kare numfashi. Idan kuma alamar ta zo ta wuce cikin 'yan mintuna ya dawo daidai, kada ki yi shiru ki ce Allah Ya kyauta, ki kai rahoto a daren, domin irin wannan gargaɗi ne da babbar shanyewa take iya biyo baya a cikin kwanaki kaɗan.

Ranar da aka sallame shi ba ita ce ranar da haɗarin ya ƙare ba, kuma a gida ne aka fi yin kuskure. Kada ya tsallake magani don ya ji sauƙi, musamman idan an sa masa ɗan ƙarfen da yake riƙe jijiyar zuciya a buɗe, domin dakatar da magungunan da suke hana shi toshewa kafin lokaci yana iya jawo sabon bugun zuciya, kuma yawanci ana shan su kimanin shekara ɗaya. Idan wafarin aka ba shi, ba a hana shi miyar kuka ko zogale ko alayyafo ba, abin da ake so shi ne kada ya ci su da yawa wannan mako ya bar su gaba ɗaya mako mai zuwa, saboda ganyaye suna rage ƙarfin maganin, sauyin kuma shi ne yake rikita ma'aunin. Kada a saya masa maganin ciwon jiki a kemis, irin su ibufirofen da dikilofenak da haɗin da ake ƙullawa a leda, domin suna jawo zubar jini a ciki. Flagyl da Septrin, waɗanda mutane suke sha ba tare da tambaya ba, suna ƙara wa wafarin ƙarfi sosai. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuwa babu mai iya faɗin yadda za su haɗu da maganin, kuma ƙaho da tsaga ba su dace da mai tsinkakken jini ba. Idan ya ga baƙin bahaya, ko jini a fitsari, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko ya faɗi ya bugi kai ko da bai ji ciwo ba, a koma asibiti a ranar.

Hawan jininsa shi ne abin da zai fi buƙatar kulawa bayan gudan ya narke. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa hawan jini ne babban abin da yake jawo shanyewar ɓarin jiki a yankinmu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka duba jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwarsu, adadin da ya zarce abin da ake gani a Turai da Amurka. Ma'anar wannan ga Baba ita ce, hanya mafi inganci ta kauce wa abin da Baffa yake tsoro ita ce riƙe hawan jinin, ba barin maganin tsinka jini ba. Ku sayi na'urar awo ta gida idan da hali, ku riƙa rubuta sakamakon a littafi kuna zuwa da shi asibiti. Likitoci sukan nemi a riƙe shi ƙasa da 130 bisa 80 ga mai irin lalurarsa, amma nasa likitan ne zai faɗi adadin da ya dace da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da mutum yake ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma a lissafa da dunƙulen miya da kanwa, waɗanda masu girki sukan manta cewa su ma gishiri ne. Idan yana shan taba, yanzu ne lokacin bari.

Kafin ku bar asibiti, ki sa a rubuta miki sunan kowane magani da dalilinsa da tsawon lokacin da zai sha shi, da ranar gwajin jini na gaba, da ranar da za a sake hoton zuciya, da kuma asibiti mafi kusa da gidanku da yake da na'urar CT mai aiki dare da rana, domin kada ku ɓata lokaci kuna yawo daga wannan asibiti zuwa wancan idan wani abu ya taso. Ki koya wa duk wanda zai zauna da Baba gwajin fuska da hannu da magana, har da Baffa idan ya yarda, sannan ki nemi wani daga cikin 'yan'uwa ya riƙa karɓarki kuna yin karɓa-karɓa da dare, domin wadda ta kwana biyar ba ta runtsa ba tana iya kallon bakin da ya karkace ba ta lura ba.